Idanun Yaya Sale

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Sale da kuka tashi a gidana, dukanku kun buɗe ido kun tarar da shi makaho. Abin da aka gaya muku shi ne ruwan rini ne ya fallatsar masa a fuska saboda gaggawarsa, bayan an ja masa kunne. Fallatsar ruwan gaskiya ce. Jan kunnen ne ba a yi ba. Shi zan warware muku a wannan babi, domin ƙafata ta yi nauyi, hannuna ya fara rawa idan na riƙe alƙalami, ba na kuma son a binne ni da wannan maganar.

Gidanmu a Gwaram gidan marina ne tun kakanni. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan ƙarami, ya bar mana Inna da karofi huɗu a bayan gari. Yaya Sale ne babba, ya girme ni nesa, shi ya ɗauki muciya tun gemunsa bai fito ba. Da aka zo rubuta yara makarantar boko, Inna ta so ta ɓoye ni a rumbu kamar yadda maƙwabta suka yi da nasu. Yaya ne ya hana.

“Ki bar shi ya tafi, Inna,” in ji shi. “Mutum ɗaya ya ishi karofi huɗu.”

Haka na tafi, shi ya zauna. Shi ne mai jiƙa shuni da toka da katsi, mai motsa karofi safe da yamma har ya nuna. Ba ya buƙatar kowa ya gaya masa ya nuna. Da ya shinshina, ya ɗan lasa a harshe, ya dubi kumfar da ta taso, ya sani. Tun daga Fagam da Kwandiko da Farin Dutse ake kawo masa saƙi da zare, Fulani ma idan sun sauko kasuwa wurinsa suke fara tsayawa. Ina yaro abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda zane yake fitowa daga karofi da launin kore-kore, kafin a gama matse shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Na tambaye shi dalili, ya ce iska ce take ba shi launinsa. Sai da na yi shekaru ina karatun kemistiri kafin na gane amsar da ya ba ni daidai take, babu abin da za a ƙara mata sai sunaye.

A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina koyar da kemistiri a wata sakandare a Birnin Kudu. Ina da babur, ina da agogo, ina da farar riga mai aljihu da nake jera birona a ciki. Duk ƙarshen mako nakan je Gwaram in gaida Inna. Kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa a lokacin, masaƙun zamani na Kano da Kaduna suna ta fitar da atamfa kala-kala. A da, idan shuni ya zuba a wuyan mutum ko a damtsen amarya, abin ado ne, alama ce ta an sa kaya mai daraja. Yanzu kuwa samari sun koma fararen kaya, 'yan mata suna neman ja da ruwan ɗorawa da ba sa zuba. A idona Yaya ya rufe karofi ɗaya, bayan damina ya rufe na biyu. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma nakan same shi zaune a gindin tsamiyar marina da hantsi, lokacin da a da ko gaisuwa ba ya samun sararin amsawa.

Wata Asabar bayan la'asar na zauna kusa da shi, na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa, kamar yadda nake yi wa ɗalibaina a allo. Na ce masa kowane abu a duniya da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi waɗanda ido ba ya gani, kuma riƙon da suke yi wa juna ba iri ɗaya ba ne. A gishiri, wata ƙwayar ce take sakin wani ɗan abu nata, ɗayar ta karɓe, daga nan su riƙa jan juna kamar maganaɗisu. A ruwa da auduga kuwa tarayya ake yi, ƙwaya biyu su kama abu ɗaya, wannan ba ta saki ba waccan ba ta saki ba, kuma wannan ɗaurin yana da wuyar kwancewa. A ƙarfe kowa zuba nasa yake yi wuri ɗaya ya zama na kowa, shi ya sa maƙeri yake lanƙwasa shi bai karye ba. Bayan waɗannan ukun akwai wani ja mai rauni da yake tsakanin dunƙule da dunƙule, wanda kusanci ne kawai yake kawo shi, gogayya kaɗan ko wanki sai ya raba su.

Yaya yana kallon zanen, bai katse ni ba. Da na tsaya sai ya ce, “To, shunina a wanne yake?”

“A na ƙarshen,” na ce. “A cikin karofi narkewa yake yi ya shige tsakanin zaren. Da iska ta buge shi sai ya daskare ya maƙale a ciki. Amma bai ɗauru da audugar ba, jingina kawai ya yi. Shi ya sa yake zuba.”

Ya yi 'yar dariya.

“Ashe duk shekarun nan baƙo nake sauke wa mutane a jikin zane. Da akwai wanda yake zama ɗan gida?”

Wannan tambayar nake jira. Na gaya masa akwai sabon rini na gari da ake aiki da shi a masaƙu, wanda yake ƙulla irin ɗaurin tarayyar nan da audugar kanta, ko da sabulu aka wanke shi ba ya fita. Abin da kawai yake buƙata shi ne soda mai ƙarfi da za ta buɗe masa jikin audugar ya samu wurin kamawa. Ina da abokin karatu da yake aiki a wata masaƙa a Kaduna, na ce zan rubuta masa. Ba zan ɓoye muku ba, son taimakon Yaya yana cikin abin da ya tura ni, amma har da son a gani. Ina so Gwaram ta san bokon da aka tura ni ba a banza aka tura ni ba.

Bayan kamar wata guda garin rinin ya iso, ja da ruwan ɗorawa da kore. Sodar kuma na sayo ta a kasuwa a Kano, fara tas kamar ɓarzajjen gishiri, a cikin gwangwani mai murfi. Ranar Lahadi na yi gwajin a tsakar gidan Yaya. Ni na haɗa komai da hannuna. Na ɗebi ruwan randa mai sanyi a bokiti, na riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan ina juyawa da sanda, fuskata a kauce. Haka aka koya mini, haka hannuna ya saba, har ban san ina yi ba, balle in faɗi dalili. Bakina yana can yana ta bayanin ƙwayoyi. Garin rinin kuma na dama shi daban a ruwan ɗumi, na haɗa su, na tsoma farin ƙyalle. Da ya fito muka wanke shi sau uku da sabulu. A wanki na uku ruwan ya fito garau, ƙyallen kuwa ja wur. Yaya ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya goga a farar rigata da ƙarfi, ya duba wurin, babu ko tabo. Ban taɓa ganin fuskarsa ta washe kamar ranar ba. Ya shiga da shi wurin Inna yana cewa ta zo ta ga aikin ɗanta.

Rana ta yi sanyi, ina sauri in kama hanyar Birnin Kudu kafin magariba. Na nuna masa awon da ƙaramin gwangwanin madara, na ce kada ya taɓa sodar da hannu domin tana cin fata. Har na hau babur na tayar, ya biyo ni ƙofar gida ya dafa kan babur ɗin.

“Habu, ruwan fa? Na zafi ko na sanyi?”

“Da zafi-zafinsa ya fi kamawa,” na ce, na ja babur na tafi.

Ruwan rinin nake nufi. Shi kuma bai san ruwa biyu ba ne. Kuma ni ne mutumin da duk shekara yake tsayawa gaban aji yana bayanin cewa idan soda ta shiga ruwa, ƙwayoyin ruwa rufar wa nata ƙwayoyin suke yi su yayyage su daga juna su kewaye su, kuma wannan kamun yana fitar da zafi mai yawa. A ruwan sanyi ma bokiti yakan yi zafin da ba ka iya dafa shi. Idan ruwan ya riga ya kusa tafasa, aka kuma zuba ta gaba ɗaya, babu inda zafin zai je sai sama. Na sani. Na sha ba da wannan a jarrabawa, na sha kayar da wanda bai sani ba.

Ranar Alhamis ina cikin aji bayan azahar aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Malam Idi, mabugin da yake buga wa Yaya kaya, yana tsaye a rana babu hula. Da na ga babu hula na san ba lafiya ba. Ya ce an kawo wa Yaya aikin biki daga Kwandiko, zannuwa da yawa, duk ja ake so, domin labarin ƙyallen ya zaga. Da safe ya ɗora rabin duro a murhu, ruwa ya tafasa, ya auna sodar aikin duka a ƙwarya, ya sunkuya ya juye. Malam Idi ya ce shi ƙara kawai ya ji, sai ihun Yaya. Mutane suka taru, wani ya ce man shanu, wata ta ce nono, aka shafa, aka ɗaure masa fuska da ƙyalle aka kwantar da shi a zaure. Sai da rana ta take aka samu motar da ta kawo shi asibitin Birnin Kudu. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, abin da suka sani suka yi. Da an kwarara masa ruwa tulu bayan tulu tun a lokacin, wataƙila da an ceci ko ido ɗaya. Wannan ma ban gaya wa Yaya ba ranar gwajin.

A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, suka wanke, suka sa magani, bayan kwana biyu suka tura mu Kano. Can ma aka duba aka sake dubawa. Ranar da aka kwance bandejin ina tsaye a gefen gado. Baƙin idon nan duka biyu ya koma fari kamar an ɗiga masa koko. Likita ya ɗaga yatsu a gabansa, ya haska fitila. Yaya ya ce yana jin ɗumin fitilar a kumatunsa.

Kun san Inna da kunya. Yaya ɗan farinta ne, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce “yayanka” ko “wancan”. Ko ciwo yake yi ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Ranar nan a Kano, a gaban kowa, ta dafa ƙafarsa ta ce, “Sale. Sale.” Sau biyu. Daga nan ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kai da ka san abin nan, kai da ka kawo shi gidan, ba ka gaya masa yana da haɗari ba?”

Kafin in ce komai Yaya ya yi magana daga kwance, fuskarsa tana kallon rufi.

“Ya gaya mini, Inna. Har sau biyu. Ya ce ruwan sanyi, kaɗan-kaɗan. Ni ne aiki ya yi mini yawa na yi gaggawa.”

Ashe likitan Birnin Kudu ya yi masa bayanin yadda ake haɗa ta, shi ne ya ɗauko maganar likita ya sa a bakina. Inna ba ta ɗauke idonta daga kaina ba.

“Haka ne, Habu?”

Dije, matar Yaya, tana zaune a ƙasa da goyo, kanta a sunkuye. Malam Idi yana bakin ƙofa. Na dubi Yaya, na ga ya ɗan ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo ya mayar. Ban sani ba ko ni yake yi wa alama ko ciwo ne ya motsa shi. Na ɗauka alama ce, domin haka ya fi mini sauƙi.

“Haka ne, Inna,” na ce.

Kalma uku ke nan, kuma su na ɗauka a ka fiye da shekara arba'in. Ku ji abin da suka jawo. Inna ta yi jinyar Yaya da hannunta, amma har ta koma ga Allah ba ta daina yi masa gorin taurin kai ba. Idan ya yi tuntuɓe da turmi sai ta ce da ya ji maganar ƙaninsa da yanzu yana ganin gabansa. Shi kuma ya ce, “Gaskiya ne, Inna.” A gari ya zama abin misali, idan mutum ya cika gaggawa sai a ce ya tuna da Sale marini. Mutumin da yake iya jiran karofi kwana bakwai bai ƙosa ba, shi aka mayar sarkin gaggawa. Ni kuwa da na ɗauko 'ya'yansa biyu na sa su makaranta a Birnin Kudu, sai yabo ya yi ta zuwa, ana cewa samun ƙani irin Malam Habu sai an tona. Ina ji, ina sunkuyar da kai, mutane suna ɗauka tawali'u ne.

Karofi biyun da suka rage babu mai motsa su, suka mutu, daga baya aka cike su da ƙasa saboda awaki suna faɗawa. Yaya ya koyi tufkar igiyar rama, yana zama a zaure yana yi, ranar kasuwa a kai masa. Ban daina zuwa duk mako ba. Da ya ji ƙarar babur zai gyara zama ya ce, “Malam ya iso,” ya tambaye ni ɗalibai, ya tambaye ni ko an gano wani sabon abu game da ƙwayoyin nan. Da gaske yake tambaya, yana son ji. Ni ne bakina yake yin nauyi. A makaranta kuma na canja yadda nake koyarwa. Kafin in zana ko ƙwaya ɗaya a allo, sai na sa kowane ɗalibi ya faɗa da bakinsa abin da zai yi idan soda ta taɓa ido. Suna ganin na cika nanata abu ɗaya, har suna suka sa mini a kan haka.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Inna, na same shi shi kaɗai a zaure da hantsi, na zauna a kan buzunsa.

“Yaya, ina so in gaya wa mutane gaskiyar abin da ya faru.”

Hannunsa bai tsaya da tufka ba.

“Wace gaskiyar?”

“Ka tambaye ni ruwa, na ce maka na zafi.”

“Na tuna,” ya ce. “To, in ka faɗa, idon zai dawo?”

Na ce a'a, amma sunansa zai dawo. Sai ya ajiye igiyar, ya lalubo gwiwata ya dafa.

“Habu, ranar nan a Kano Inna ta riga ta rasa idon ɗa ɗaya. Da ka ce a'a, da ta rasa ɗayan ɗan gaba ɗaya, don na san zuciyarta, ba za ta ƙara cin abin hannunka ba. Yanzu kuma 'ya'yana a gidanka suke ci suke sha. Kana so su riƙa kallonka suna tuna wannan? Ka bari sai na mutu, ka yi yadda ka ga dama. Ni na yafe tun a motar asibiti.”

Na yi kuka a zauren nan kamar yaro, shi yana ta cewa in yi a hankali kada a ji a cikin gida.

Bara Allah ya yi masa rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Da Dije ta fita takaba na shirya na tafi Gwaram, domin na ga bai kamata ta ji wannan a bakin wani ko a takarda ba. Na same ta a tsakar gida, ta tsufa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini fura a kwano. Ban taɓa furar ba. Na faɗa mata komai tun daga Asabar ɗin gindin tsamiya har zuwa maganar zaure. Ta saurare ni har na gama, tana murza bakin mayafinta.

“Na sani, Malam,” ta ce.

Na ɗago na dube ta.

“Ina bayan ƙyauren zaure ranar, na biyo ka da ƙullin daddawa ka tafi da shi. Na ji ya tambaye ka, na ji abin da ka ce. A Kano ma da ka amsa wa Inna, saura kaɗan in yi magana. Da muka dawo gida na gaya masa na ji, ya ce in har na faɗa wa wani bai yafe mini ba.”

“Shekara arba'in kina kallona?”

“Ukun farko ba na kallonka,” in ji ta. “Ba ka lura na daina yi maka wasa ba? Ni da nake ɓoye maka takalmi in ce sai ka biya. In na ji ƙarar babur ɗinka ɗaki nake shigewa, in sa a miƙo maka abinci. Har addu'a na yi Allah ya ɗauke mini ganinka.”

Na ce na lura, na ɗauka baƙin cikin ciwon ne.

“Baƙin cikin ne,” ta ce. “Daga baya na ga duk mako kana zuwa, kana zama kusa da shi kamar wanda aka kawo gaban alƙali, ba ka taɓa fashi ba. Sai na ce wannan ma ai yana cikin nasa hukuncin. Na bar wa Allah.”

Na ce mata zan rubuta, 'ya'yanta da nawa su karanta.

“Ka rubuta,” ta ce. “Ka rubuta cewa shi ba mai gaggawa ba ne. Wannan ne kawai yake ci mini rai.”

Ta sa hannu ta kore ƙudan da ya sauka a bakin kwanon, ta turo shi gabana.

“Sha furarka, Malam. Tun ɗazu take jiranka.”